Labule Don Ɗan Fari

Buza, 4 ga Nuwamba, 1984

Zuwa ga ɗiyata Likita Salamatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da mai gidanki da yara. Ki gaishe mini da uwarki Kadi, ki ce mata Yakuba na Buza bai mutu ba tukuna, ko da yake tun da ta zama 'yar unguwar Kalley ta Yamai ta manta hanyar Adar. In kin manta ni, kakan Kadi da kakana wa da ƙane ne, ni ne kuma mushen lakwal ɗin nan, malamin makaranta, da ya hana mutane cin abinci da dogon jawabi ranar aurenki. Lafiyata lau, sai gwiwa.

Labarin damina kin ji shi. Gero bai kai gwiwa ba ya tsaya ya bushe. Rabin yaran ajina sun bi iyayensu kudu. Kamiyon soja, babbar motar nan tasu, na kawo jar dawa lokaci lokaci, kan rabonta kuwa ba zan ce komai ba, don takarda hannaye da yawa take bi.

Ga abin da ya sa na rubuto. Wadda za ta miƙa miki takardar nan Aisa ce, ɗiyar ƙanena marigayi, a hannuna ta tashi. Mijinta Hamidu ya tafi cin rani Legas, aka rufe iyaka, har yau ba shi ba labarinsa. Ɗansu Musa ya shekara ɗaya da 'yan watanni. Zawo ya kama shi tun kaka, ƙafafunsa sun kumbura, gashinsa ya yi ja, ko kuka ba ya iyawa da ƙarfi. Yahaya direba ya ce mini a asibitinku na Yamai kuna wani aiki da Turawa kan irin waɗannan yara. Ban san ko wane iri ba ne, amma na san ke jininmu ce.

Na sha zaman jira a biron kwamanda, ofishin mai mulkin yankinmu, kafin su ba ni takardar izinin tafiya, don yanzu sojoji na mayar da masu nufin Yamai daga hanya. Yarinya ba ta irin wannan tafiya ita kaɗai, shi ya sa na haɗa ta da uwar mijinta, Hajjo. Tsohuwar kirki ce, kuma ranta na kan jikan nan. Ki riƙe su da mutunci.

Tsoro nake ji, Salamatu, ba zan ɓoye miki ba.

Kawunki,
Yakuba


Yamai, 12 ga Nuwamba, 1984

Kawu Yakuba,

Na karɓi takardarka, na ji daɗin jin lafiyarka. Mu ma lafiya lau. Inna Kadi ta ce jawabinka ba mai manta shi, har yanzu mai gidana yana cewa ranar da yunwa ya kwana. Allah ya sauƙaƙa gwiwa.

Baƙina sun iso, Musa yana kan gado a ɗakin yara. Jikinsa ya yi nisa, amma na ga waɗanda suka fi shi sun tashi.

Bari in faɗa maka aikin, kada Yahaya ya ƙara masa gishiri. Makarantar likita ta jami'armu ce ta haɗa kai da wata jami'a ta Beljik. Madarar gwangwani da ake turo mana daga waje ba ta isa, wani lokacin sai ta makale a tashar jirgin ruwa yara na jira. Shi ne muke gwada wani kunu da kowace uwa za ta iya damawa a gida: gero, wake, man gyaɗa da ɗan sukari. Ana ba yaro kaɗan kaɗan, sau da yawa a yini, uwa kuma ta ci gaba da ba shi nono. Kowace safiya mu ɗora shi kan ma'auni. Idan muka tabbatar kunun na ta da yara kamar madarar, za a koyar da shi har Buza. Babbarmu daga can wata farfesa ce, Madam Odil. Ma'aikata na kiranta Madam Kilo, don ko gaishe ta ka yi sai ta dube ka kamar za ta auna ka. Ni da abokin aikina Likita Dauda ke riƙe da ɗakin, tare da ɗalibai.

Ƙa'idar aikin ita ce uwa ta ba ɗanta kunu a babban ɗaki a gaban idon ma'aikaciya, don a ga abin da ya shiga cikinsa da gaske. Na yi wa Aisa bayani na tambaye ta ko ta yarda. Kanta a ƙasa, Hajjo ce ta amsa mata.

Doka ba ta bari kowa ya kwana wurin yaro sai uwarsa. Amma ka ce in riƙe su da mutunci, sai na roƙi alfarma aka shimfiɗa wa Hajjo tabarma a gindin gadon. Ba ta motsawa daga nan ko da rana. Har ta koyi cewa fofo, tana gaisawa da Zabarmawan ɗakin.

Ka kwantar da hankalinka.

Ɗiyarka,
Salamatu


Yamai, 28 ga Nuwamba, 1984

Kawu,

Ina fatan kuna lafiya. Shirunka ya dame ni, ban sani ba ko takardata ta same ka. Mu nan lafiya, sai aiki, gado ɗaya yara biyu.

Labarin yau ba mai daɗi ba ne. Yaran da aka kwantar rana ɗaya da Musa sun fara zama, wasu har suna fizgar cokali. Shi kuwa kumburin ya saɓe, nama bai zo ba, kullum ma'auni baya yake yi. Mun duba jininsa da kashinsa, mun ba shi maganin abin da muka gani. Kunun da ke ta da sauran shi ake dama masa.

Ka gafarce ni, amma damuwata Aisa ce. Ban taɓa ganin uwa irinta ba. Za ta ɗebo kunu ta miƙa cokalin fuskarta na kallon bango, rabi ya zube a wuyan yaron. In ya kau da kai sau ɗaya ta ajiye kwano. Nono kuwa kafin ya kama da kyau ta janye ta rufe zane. Yana kuka tana tsefe bakin tabarma. Hajjo ce ke ɗaukarsa tana rarrashi, amma daga hannunta ba ya karɓar komai, uwarsa yake miƙa wa hannu. Jiya na yi mata faɗa a gaban mutane, na ce ɗan nan naki ne ko na aro? Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Raina ya ɓaci.

Madam Odil ta ce wataƙila baƙin cikin rashin miji ne ya kashe mata zuciya. Ni dai abin da idona ya gani shi ne yarinyar ba ta damu da ɗanta ba. Idan ba a ga sauyi ba za mu karɓe shi daga hannunta, don ba zan zuba ido ya mutu a ɗakina ba.

Ka rubuto, ko kai za ta ji maganarka.

Salamatu


Buza, 17 ga Disamba, 1984

Salamatu,

Muna lafiya. Ina fatan kuna lafiya. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Takardunki biyu tare suka zo shekaranjiya, don an karɓi kamiyon Yahaya ya kai hatsi arewa, sai yanzu aka sake shi. Na karanta ta farko ina sa miki albarka, na karanta ta biyu na nemi inda zan zauna.

Ku karɓe shi ku kai shi ina? Ku ba wa? Madam Kilo za ta sa shi a jirgi ta tafi da shi Beljik, ko gidan marayu za ku kai shi uwarsa na raye? Ni na kai miki jikana don ki yi masa magani, ban kai shi sadaka ba. In aikinku ya gaza ku ce ya gaza, ku maido mini da su ya mutu cikin danginsa.

Kuma wa kike cewa ba ta damu da ɗanta ba? Aisa? Lokacin da zawon ya tsananta, ita ta goyo shi da ƙafa daga ƙauyen mijinta har gidana cikin rana, ta iso tafin ƙafarta na jini. A ɗakin matata ta kwana biyu, ba ta sauke shi daga ƙirjinta ba ko don ta ci abinci. 'Yan kunnenta na aure ta sayar ta saya masa madara. Wannan ce za ki tsaya a kanta gaban Zabarmawa da Turawa ki tambaye ta ko ɗan aro ne?

Ku 'yan birni kun yi karatun Dakar kun dawo ba ku san tarbiyya ba in kun gan ta. Yarinyar nan ni na rene ta. Tun da ta haihu ba wanda ya taɓa jin sunan yaron a bakinta, ba wani dangin mijinta da zai ce ya ga ta ɗaga ido ta kalle shi ko ta yi masa wasa. Ɗan fari ne. Hajjo da bakinta take yabonta a gidan biki, tana cewa ba a taɓa kawo musu suruka mai kunya irin tata ba. Abin da ake yaba mata da shi a nan, ke kuma kin mai da shi abin zagi.

Ina neman takardar izini. In na samu, da gwiwar tawa zan zo in kwashe su.

Yakuba


Yamai, 27 ga Disamba, 1984

Kawuna,

Na gaishe ka da kyau, ko da kai ka rage mini tawa gaisuwar. Inna Kadi na gaishe ka, ta ce zuciyarka tun kuna yara haka take.

Da farko, ba inda za a kai Musa. Nufina ma'aikata su riƙa ba shi abinci da kansu, in ta kama a sa masa siririn tiyo ta hanci. Na rubuta cikin fushi ban fayyace ba. Ajiye neman takarda, ka bar gwiwarka ta huta.

Na karanta faɗanka a tsaye a bakin ɗakin yara, ina shirya amsar da zan mayar maka. Da na zo wajen yabon da Hajjo ke yi sai na ɗaga kai. Ga Aisa na kallon bango, ga Hajjo a gindin gado, inda ni na shimfiɗa mata tabarma da hannuna. Kawu, na san kunyar ɗan fari, wa bai san ta ba? Amma a Kalley abin tsokanar amare ne, a yi dariya a wuce. Ban taɓa kawowa a raina za a riƙe ta yaro na bakin mutuwa ba. Kai ka haɗa ta da uwar mijinta don mutunci, ni na zaunar da uwar mijin a gabanta dare da rana don mutunci. Mu biyun nan mun kusa gamawa da yaron.

Na roƙi wata ma'aikaciya ta ja Hajjo waje shan iska, na laɓe a taga. Aisa ta duba hagu da dama, ta sure shi, ta tusa hancinta a wuyansa, ta ɗauki kwanon tana ba shi da sauri kamar mai sata. Ya sha. Ni kuwa na koma biro na rufe ƙofa na yi kuka.

Ni da Likita Dauda muka bi gado gado muna tambayar mata wane ne ɗan fari. Yawancin yaran da ma'auninsu ke ja da baya su ne, musamman waɗanda dangin uba ke yawan leƙowa, ko kuma akwai 'yar garinsu a gado na kusa. Muka samu Madam Odil na ce ina son labule a kowane gadon ɗan fari. Ta ce sam, ƙa'idar ita ce a ga abin da yaro ya ci, in ba a gani ba me za mu rubuta, kuma sauya ƙa'ida a tsakiyar aiki sai da yardar jami'arsu. Muka yi ta ja, har na ce mata ni Musa ya fi mini rubutun. Ta dubi ma'auninta, can ta ce, to a auna kwanon kafin ya shiga bayan labule, a sake auna shi in ya fito, a shimfiɗa wa yaro tsumma a ga abin da ya zube. Ta aika wa mutanenta waya a ranar. Karon farko ke nan da son kilonta ya burge ni.

Neman yadi ta hanyar asibiti sai an bi biro biro, don haka na kwaso zannuwan Inna Kadi muka ɗaura igiya. Ɗakin yanzu ya koma kamar shanyar wanki.

Abin da ya rage mini nauyi Hajjo ce. Na ce mata an tsananta doka, na kai ta gidanmu na Kalley. A mota ta riƙe hannuna ta ce, “Ɗiyata, mi na yi aka kore ni? In wani abu na ɓata ki hwaɗa mini.” Inna ta ce abinci kaɗan take taɓawa, kullum tana zaune tana kallon ƙofa.

Musa ya daina raguwa, amma bai fara ƙaruwa ba. Nonon Aisa ya ja baya sosai, muna ba ta fura da kunun gyaɗa. Ba zan yi maka alkawarin da ba nawa ba ne, ku dai ci gaba da addu'a.

Na nemi gafarar Aisa. Ta ce ba komai, kanta a ƙasa.

Ɗiyarka,
Salamatu


Buza, 9 ga Janairu, 1985

Ɗiyata Likita,

Gaisuwa cikakkiya, har da bashin waccan. Ina fatan ke da mai gidanki da yara da Kadi kuna lafiya. Gwiwa da sauƙi tun da na daina zaryar biron kwamanda.

Na karanta takardarki sau uku. Matata ta tambaye ni me ke cikinta, na ce ba ruwanta. Shekara talatin ina koya wa yara su karanta abin da ke gabansu, ni na rubuta amsa da hannuna ban gan ta ba. Maganar Dakar da na yi ki zubar da ita. Rabinta dai, don kin yi wa Aisa faɗa gaban mutane, wannan yana nan.

Abu biyu nake roƙo. In za ku rubuta wa Turawa labarin aikinku, kada ku rubuta cewa matanmu ba sa son 'ya'yansu, ko al'adarmu ce ke kashe yara. Yunwa ce ke kashe su. Kunyar nan a gida tana da wurin ɓuya, akwai ɗaki, akwai bayan rumbu, akwai lokacin da uwar miji ke tafiya rijiya ta daɗe da gangan. Ɗakinku ne ba shi da lungu.

Na biyu, ki gaya wa Hajjo gaskiya. Ba yarinya ba ce. Ɗanta ya ɓace a Legas, jikan nan shi kaɗai ya rage mata, kada ki bar ta tana zaton an ga laifinta.

Ran nan an yi addu'a a masallaci bayan azahar, na sa sunan Musa. Ki rubuto da wuri, ko layi biyu ne, Yahaya zai juyo mako mai zuwa in ba a sake karɓe masa mota ba.

Kawunki,
Yakuba


Yamai, 24 ga Janairu, 1985

Kawu Yakuba,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Inna uwargidanka da duk mutanen gida. Mu lafiya lau, kuma yau da farin ciki nake rubutu.

Nonon Aisa ya dawo. Musa ya soma ƙaruwa tun farkon wata, a hankali da fari, yanzu kullum sai ma'auni ya matsa gaba. Ya ciji ɗalibin da ke auna shi, Madam Odil ta ce a rubuta wannan ma cikin alamun sauƙi. Sauran 'yan farin su ma suna biye da shi, ban da ɗaya da aka kawo a makare, Allah ya ji ƙanta. Jami'ar Beljik ta amince da labule, ta kuma yarda a ci gaba da aikin shekara mai zuwa har a kai shi wasu garuruwa. Na karanta wa Madam Odil abin da ka ce kan ɗakin da ba shi da lungu. Ta ce haka za a rubuta, kuskuren tsarin ɗakinmu ne.

Na yi niyyar zama da Hajjo kamar yadda ka ce, sai ta riga ni. Talatar makon jiya da hantsi ta sulale daga gida ba wanda ya sani, ta yi ta tambaya da fofo ɗinta har ta kawo kanta asibiti. Ina cikin zagayen gadaje na gan ta tsaye gaban zanen da ke kare gadon Musa. Daga ciki muryar Aisa ce ke tashi, tana yi masa 'yar waƙa, tana kiran sunansa a fili, Musa, Musana, shi kuma yana ƙyalƙyala dariya. Hajjo ta daɗe a tsaye. Daga nan ta juya wa labulen baya ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafafu.

A ranar kuma muke da baƙi, mutanen Beljik biyu da wani hafsan soja da aka turo duba asibiti. Hafsan ya ga zannuwa ya tambaya me ake ɓoyewa, ya miƙa hannu zai ɗaga. Hajjo ta ɗaga masa yatsa daga zaune ta ce, “Ɗana, mata na ciki.” Ya dube ta, ya janye hannunsa, ya ce a gafarce shi Inna, ya wuce gado na gaba.

Da suka fita na durƙusa gabanta zan fara bayani, ta ce in bari. Ta yi magana ƙasa ƙasa don kada a ji a ciki. Ta ce, “Hamidu ba shi na na hwari ba. Akwai wani gabanai, shekarar wata yunwa. Wata bakwai ya yi. Uwar mijina na zaune, ni ina kallon bango, har aka ɗauke shi aka tahi. Yau ko mi za a ba ni ban iya hwaɗa miki kamanninai. Ki bar ta ta kalli nata.”

Tun ranar kullum da safe nake zuwa da ita, ta zauna a wajen labule da bayanta a juye, da yamma mu koma Kalley. Abincinta ya dawo, Inna Kadi har ta fara ƙorafi.

Jiya ina wucewa sai na ga gefen zanen yana motsi daga ƙasa. Wani ɗan kai ya leƙo. Yaron da aka kawo mini ba ya iya ɗaga wuya, shi ne ya rarrafo ya fito, ya kama zanen kakarsa ya haye cinyarta. Ta rungume shi ta shinshina kansa. A ciki Aisa ta kasa fitowa. Sai Hajjo ta runtse idanunta gam, ta ɗaga murya tana fuskantar bango ta ce, “Mai kayan ga ta zo ta ɗauki kayanta, lokacin kunu ya yi. Ni barci nike.”

Aisa ta fito ta durƙusa ta ɗauki ɗanta daga cinyar uwar mijinta, tana kallon fuskarsa. Hajjo ba ta buɗe ido ba sai da labulen ya koma ya rufe.

Ka gaya wa Yahaya ya tanadi wurin mutum uku a gaban mota tsakiyar wata mai zuwa. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kawo labarin Hamidu.

Ɗiyarka,
Salamatu